Maganin da Ya Kwana a Firiza

Hannun Hajiya Zulaiha yana cikin firiza har gwiwa, tana laluben kindirmon da aka ajiye jiya, sai yatsunta suka taɓa murfin wata roba. Ta gane robar kafin ta gan ta. Ta jawo ta waje, ta ɗora a kan tebur, ta buɗe. Ƙananan ledoji ne a ciki, kowace da sunan mai ita a jikin farar filasta, kuma duk sun yi fari da ƙanƙara. Ta zaro kwalba ɗaya daga kwalinta ta ɗaga wajen haske. Ruwan da ke ciki ba ya motsi.

Ba ta kira kowa ba tukuna, domin ta san wanda ya sa robar a can. Ita ce, da hannunta, jiya da la'asar.

Shagon nata yana kan wani layi mai darbejiya a Nassarawa GRA. Yogot take yi da fura da kindirmo, tana da ma'aikata kaɗan da sola a kan rufi wadda ba ta bari firiji ya mutu komai daɗewar da aka yi babu wuta. Solar ce ta jawo mata robar. Wata mai wanke mata kwanuka ce ta fara roƙon a ajiye wa mahaifiyarta allurar ciwon suga, saboda a unguwarsu wuta ba ta zama, zafin Kano kuma yana kashe maganin. Daga ita sai direban gidan maƙwabta, sai wani mai guga, sai mutanen da Zulaiha ba ta san ta ina suka ji ba, daga Gama da Ƙaura Goje da Tudun Murtala. Kowa ya riƙe kwalbar da yake amfani da ita a gida, a gindin randa, ya kawo sauran nan. Ba ta taɓa karɓar komai a hannunsu ba. Amma kada a ɗauka waliyiya ce. Tana son a san tana yi. Ƙaninta Sanusi, wanda ke kula mata da kasuwancin, ya taɓa ɗaukar hoton robar ya sa a shafin shagon, ita kuwa ta zauna ta karanta duk addu'o'in da aka yi mata a ƙasa, wasu ma ta maimaita.

Jiya wasu mutane suka zo daga wani babban kanti su duba wurin, ko za su riƙa sarin yogot ɗinta. Motarsu tana tsayawa idonta ya faɗa kan robar a firijin gaba mai ƙofar gilashi, tsohuwa, murfinta a tsage, a tsakiyar kayan sayarwa masu sheƙi. Ta ji kunyarta. Ta ɗauke ta da sauri ta jefa a firizar baya, tana cewa a ranta kafin ta yi wani sanyi baƙin sun tafi. Baƙin suka daɗe, suka ɗanɗana komai, suka yaba. Ta raka su har mota, ta tafi gida tana murna, robar ta kwana cikin ƙanƙara.

Ta kira ƙawarta Nabiha, wadda ta karanci haɗa magunguna kuma take da kantin magani a hanyar Haɗeja. Ta tambaye ta a sauƙaƙe, kamar tambayar wani ce take isarwa, ko insulin, maganin allurar suga, yana lalacewa idan ya daskare. Nabiha ba ta bi ta da sauƙin ba. Ta ce a zubar. Zulaiha ta ce ai zai narke.

"Ko ya narke ya riga ya mutu," in ji Nabiha. "Matsalar ita ce ba lallai ido ya gane ba. Mutum zai yi allurarsa ya ɗauka ya gama, alhali kusan ruwa ya zuba wa jikinsa. Akwai wanda ya ɗauka daga ciki?"

Zulaiha ta ce bari ta tambaya.

Inuwa ne ke buɗe shagon da safe, magidanci ne mai natsuwa. Ya ce eh, mutum ɗaya ya zo tun kafin a gama shara, tsohon nan Malam Yahaya mai gyaran fulawa a lambun wani gida. Shi Inuwa ya duba firijin gaba bai ga robar ba, ya yi ta nema har ya same ta a firiza, ya ɗauka Hajiya ce ta ga ya fi dacewa da can. Kwalabe uku tsohon yake da su, ya ɗauki biyu ya bar ɗaya. Har murna ya yi da ya ji sanyinsu, domin tafiya zai yi. An yi ruwa a garinsu, can gaba da Gumel, zai je shuka, kuma ya ce ba zai dawo ba sai an yi noman fari.

Sanusi yana tsaye yana ji. Ya sallami Inuwa, ya rufe ƙofar ɗakin baya, ya fara magana ƙasa-ƙasa. Ba mugun mutum ba ne, kuma bai ce a mayar wa mutane da mataccen magani ba. Ya ce a sayi sabo a maye gurbin na kowa shiru, ba wanda ya ji. Shi kuwa tsohon, ba su san gidansa ba, ba su da lambarsa, ƙila ma ya riga ya kai Gumel. Idan ta fita tana tambayar mutane, kafin yamma labarin ya canza baki. Ba za a ce firiza ta daskarar da allura ba, za a ce shagon yogot ya lalata maganin mutane, daga nan a ce yogot ɗin ne ke sa ciwo. Ga masu babban kanti suna shirin dawowa, ga ma'aikata da iyalansu suna ci daga nan.

"Yaya, taimako kika yi," ya ce. "Ba wanda ya ɗora miki. Ba asibiti muka buɗe ba."

Ta tsaya ta auna maganar, kuma ta daɗe tana aunawa fiye da yadda za ta yarda ta faɗa wa kowa. Duk abin da ya ce gaskiya ne. Ta tuna sauran bayanin Nabiha, ta ɗora shi a kan tsohon: ƙishirwa za ta fara damunsa, ya yi ta fitsari, jiki ya mutu, ya ɗauka ranar gona ce, ya ƙara allurar da ba ta aiki, wata rana a ɗauko shi daga kunyar gona a ranga-ranga, nesa da asibiti. Za a ce ciwon ne ya tashi. Ba wanda zai taɓa haɗa abin da shagonta, har shi kansa. A nan ne hankalinta ya tashi. Ta ga cewa tana da hanyar tsira cikakkiya, kuma zuciyarta ta fara leƙa ta.

Ta ɗauki ledar Malam Yahaya mai kwalba ɗaya da makullin motarta. Ta ce wa Sanusi ya ware robar gefe, kada a ba kowa komai daga ciki har ta dawo.

Ta fara biyawa ta kantin Nabiha. Nabiha ta duba kwalin, ta ɗauko irinsa guda biyu, ta naɗe su da tsumma a cikin ƙaramar kula, ta raba su da ƙanƙarar da kwali. Ba ta yi mata faɗa ba, ta dai nuna mata kwalin da yatsa ta ce sanyi yake so, ba ƙanƙara ba. Wannan ya fi faɗan zafi.

Abin da Inuwa ya sani game da tsohon shi ne yana aiki a wani gida mai baƙin get, layi biyu bayan shagon. Gidan ba ya ɓata, domin shingensa a aske yake kamar an sa ma'auni. Maigadin, wani dogo mai suna Ɗanjuma, ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce Malam Yahaya ya ɗauki hutun shuka tun jiya. Ta ce neman gaggawa take masa, maganar maganinsa ce.

"Wane magani, Hajiya? Ba shi da lafiya ne?"

Ta dubi fuskarsa ta ga da gaske yake tambaya. Daga cikin gidan tana jin ƙugin babban inji. Gidan da wuta ba ta yankewa, da firiji ƙila ya fi nata, amma tsohon yake tako ƙafa har shagonta. Ta haɗiye sauran maganar. Ta ce maganin ƙwarin fulawa ne ya yi mata alkawari. Ƙarya ce, ta yi ta kuma ba ta ji daɗinta ba. Ɗanjuma ya saki fuska, ya kwatanta mata gidan a Gama: a wuce makarantar firamare, a shiga lungun da ke gefen mai niƙa, a tambayi gidan Tani mai taliya, matarsa.

Motar ba ta shiga lungun ba. Ta ajiye ta a bakin titi, ta ɗauki kular, ta bi ta gefen kwata tana tattare mayafi. Tun da ta fara ajiye maganin mutanen Gama, yau ce ranar farko da ta taka Gama.

Ta tarar da Tani a tsakar gida tana murza injin taliya, zaren taliyar yana zuba a kan igiya. Dattijuwa ce ƙaƙƙarfa mai yawan fara'a. Da ta ji ko wace ce, ta shimfiɗa tabarma, ta shiga gaisuwa ba ƙaƙƙautawa: gida, yara, kasuwa, zafi, Alhaji. Zulaiha ta amsa duka a tsaye. Da aka samu sarari ta faɗi abin da ya kawo ta, ba ta rage komai ba, har da cewa ita ce ta sa robar a firiza.

Tani ta saki hannun injin. Ta ce Malam Yahaya ya fita tun ɗazu, tashar Yankaba ya nufa. Wayarsa ga ta can a kan taga, ta mutu, an kwana biyu ba a kawo wuta ba, shi kuma ya ce a ƙauye ba ta da amfani. Ko ya yi allura daga sabuwar kwalbar, ba ta sani ba, domin a ɗaki yake shiga ya rufe ƙofa kamar mai aikata laifi. Ta rako ta har bakin lungu tana addu'a, sannan ta riƙo mayafinta.

"In kin same shi, ki ja shi gefe. Ba ya son a san yana allura. Kuma zai yi miki gardama, kada ki ɗauka raini ne, haka aka haife shi."

Tashar a cike take. Rana ta ɗaga, 'yan kamasho suna kiran garuruwa, masu tura baro suna ture mutane. Ta sami layin motocin Gumel ta tambayi wani ɗan kamasho mai jar hula ko ya ga wani tsoho siriri mai farin gemu. Ya ce tsofaffi masu farin gemu ai su ne rabin fasinjansa, kuma mota ɗaya ta tashi ba da daɗewa ba. Ta fara tunanin bin motar, ita da ba ta taɓa tuƙi ya wuce Gezawa ba, kuma ko sunan ƙauyen ba ta tambayi Tani ba.

Sai ɗan kamashon ya ƙara da cewa, sai dai in wancan mai taurin kan take nufi. Ya nuna rumfa. Ya ce tun motar farko yake nan, ya ƙi shiga baya wai gwiwoyinsa ba sa lanƙwasuwa, ya ce gaba ko ya kwana a tasha.

Malam Yahaya yana zaune a kan benci, buhun iri a tsakanin ƙafafunsa, sabuwar fartanya a jingine, jakar fata a kan cinya. Zulaiha ta tsaya daga nesa ta dube shi sosai, ta tabbatar shi ne. Bakinta ya yi ta maimaita alhamdulillahi ba tare da ta sa shi ba.

Ya yi mamakin ganinta, ya miƙe zai ba ta wuri, ya tambaya ko ita ma tafiya za ta yi. Ta roƙe shi su koma bayan rumfar. Tambayar farko da ta yi masa ita ce ko ya taɓa sababbin kwalaben. Ya waiwaya ya ga ba kowa kusa, sannan ya ce a'a, da ragowar tsohuwar ya yi ta safe, sababbin sai ya isa gida. 

Ta yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya buɗe jakar ya fito da safa jiƙaƙƙiya, ya warware, ya nuna mata kwalaben. Sun narke, suna nan kamar ba abin da ya same su. Ya ce Hajiya ta duba da kanta. Likita ya ce masa zafi ne abokin gabar maganin, to ga shi an ba shi sanyi har ya ƙoshi, ina laifin? Shi a ganinsa yau ne ma aka fi kula da shi. Ta ce mai kantin magani ce ta faɗa. Ya ce ai mai kantin magani dole ta ce a zubar a sayi sabo, shi ma da shi ne mai kantin haka zai ce.

Ta buɗe kular ta nuna masa sababbin, ta ce nasa ne, ba sayar masa za ta yi ba. Ya yi godiya mai tsawo, ya miƙa hannu zai karɓa, ɗaya hannun kuma yana mayar da safar cikin jaka. Ta janye kular. Ta ce sai ya ba ta tsofaffin.

Ya ce a bar masa su, ba za su yi nauyi ba. Da ta matsa, gaskiyar ta fito. Yana da ƙane a ƙauye mai irin ciwon, wanda ba ya samun allurar sai an yi sa'a. Tunda Allah ya ninka masa, sai ya kai wa ƙanen waɗannan. Ko rabin ƙarfinsu ne ya rage, ai ya fi babu.

"Baba, bai fi babu ba," ta ce. "Wanda ba shi da magani ya san ba shi da shi, zai nemi asibiti. Wannan zai sa ya zauna a gida yana jiran sauƙi. Ni na lalata shi. Ba zan bari ka ɗauki ɓarnata ka kai wa ɗan'uwanka a matsayin tsaraba ba."

Ɗan kamashon ya leƙo yana cewa kujerar gaba ta samu, in Baba bai zo ba zai ba wani. Malam Yahaya ya ce masa ya ba wanin ya gani. Ya juyo ya dubi safar, ya dubi kular. Ya yi ƙunƙuni a kan mutanen birni da zubar da abu mai kyau. Sannan ya zare kwalaben daga safar ya ɗora mata a tafin hannu, ya riƙe safarsa. Ta naɗe sababbin a ciki da kanta, ta ce idan ya isa ya sa su a gindin randa, kada ruwa ya shiga. Ya ce wannan kam ba sai an koya masa ba. Game da ƙanen, ta ce ya turo shi Kano a duba shi, allurar wani ba ta zama ta wani. Ya ce zai faɗa masa, amma ƙanen ya fi shi gardama.

Har ya ɗauki buhun, ya ajiye. Ya tambaye ta yadda aka yi ta san yana tasha. Ta ce Tani. Ya ce gidan fa, wa ya nuna mata? Da ta ambaci Ɗanjuma, fuskarsa ta canza. Ya ce mutanen gidan kirki ne, amma ranar da suka ji mai fulawarsu yana tsira wa kansa allura safe da yamma, za su tausaya masa, su ce ya tsufa ya je ya huta, su ɗauko yaro. Shi kuwa ba hutu yake nema ba.

Ta ce ba ta faɗa ba. Ta ce ta kusa, amma ta mayar da shi maganin ƙwarin fulawa. Tsohon ya yi dariya har haƙoransa na goro suka bayyana. Ya ce to yanzu ta ja masa aiki, dole in ya dawo ya kawo mata maganin ƙwari a gaban Ɗanjuma, don kada Hajiya ta zama maƙaryaciya.

Ta tsaya har aka ɗaure buhun, ya shiga gaba ya miƙe ƙafafunsa, jakar a ƙirjinsa. Motar ta fita daga tasha ta hau titi. Zulaiha ta koma kan bencin da ya tashi ta zauna. Ta sayi ruwan leda ta shanye, ta ƙara wani. Sai a lokacin ta tuna ba ta karya kumallo ba. Hayaniyar tashar da ta dame ta ɗazu yanzu daɗi take mata. Wata mata mai goyo ta tambaye ta ko Gumel za ta, ta ce a'a, ta gama tafiyarta. Ta kira Tani ta lambar maƙwabciyar da aka ba ta, ta ce an same shi, bai taɓa ba. Ta ji dattijuwar tana sanar da mutanen gidan tun kafin ta kashe wayar.

Da ta koma shago bayan azahar, Sanusi ya karanta labarin a fuskarta. Ya yi hamdala da gaske, domin shi ma bai iya cin abinci ba. Amma kansa na kasuwa bai tsaya ba. Ya kawo shawara biyu a jere, bai ma lura suna karo da juna ba. Ta farko, a daina ajiye maganin kowa daga yau, an ga ƙarshen abin. Ta biyu, labarin nan yana da kyau, mai shago ta bi tsoho har tasha, in aka gyara shi kaɗan aka sa a shafi mutane za su so shi. Ta tambaye shi wane ɓangare za a gyara. Ya ce ba sai an faɗi yadda robar ta shiga firiza ba. Ta ce masa ya sauke hoton robar da ke shafin ma, kuma kada ta ga sunan tsohon a ko'ina. Game da dainawa kuwa, ita ma zuciyarta ta karkata can. Ta gaji, kuma ta tsorata.

Ta tura wa Nabiha hoton kowane kwali don a haɗo irinsa. Ta ce wa Inuwa duk wanda ya zo karɓar magani a kira ta, ita za ta yi masa bayani da bakinta, ba a miƙa masa sabo a yi shiru ba. Wasu ƙila su yi fushi, wasu su yaɗa. Ta riga ta yarda da wannan tun a tasha, kuma ta ga ya fi sauƙin ɗauka a kan abin da ta ɗauka da safe.

Ana gab da la'asar wata mata ta yi sallama a bakin ƙofa. Ba ta cikin masu robar. Matashiya ce da hijabi mai toka, ta yi gumi, a hannunta baƙar leda ƙulle. Ta ce sunanta Fatsuma, daga Tudun Murtala take. Yau aka sallami mijinta daga asibiti, an ɗora shi a kan allura, an ce a sa a firiji. Wata a layin karɓar magani ta ce mata akwai wata Hajiya a GRA da ke ajiyewa.

Sanusi ya dubi yayarsa daga bayan teburin shagon, ya girgiza kai a hankali.

Zulaiha ta fito ta tsaya a gaban matar. Ta ce kafin ta miƙo komai, ta saurara. Jiya ta sa maganin mutane a firiza da hannunta don kada baƙi su gani, ta manta da shi, ya daskare, ya lalace gaba ɗaya. Wani tsoho ya kusa tafiya ƙauye da nasa. Ita ba likita ba ce, nan kuma ba asibiti ba ne, shagon fura ne. Ta faɗi haka ne tana sa ran matar za ta ƙulle ledarta ta juya, shi ke nan an yanke mata shawarar da ta kasa yankewa.

Fatsuma ta saurara, ta dubi firijin mai gilashi, ta dubi ledar. Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma yi yabo ba.

"Na ji, Hajiya," ta ce. "To ina zan kai?"

Firijin yana ta ƙuginsa. Matar ta miƙo ledar, hannunta ya tsaya a tsakaninsu.

Zulaiha ta karɓa. Ta buɗe firijin, ta kwashe yogot ɗin da ke layin tsakiya gaba ɗaya ta miƙa wa Sanusi ya rungume, ta ajiye baƙar ledar ita kaɗai a wurin, ta rufe ƙofar.